Dokar Iyali a Rubuce: Za Ta Sa Uba Ya Ciyar da 'Ya'yansa Bayan Saki?

Tambaya: "Assalamu alaikum Barista. Ƙanwata ce mijinta ya sake ta bayan shekara tara da aure, da 'ya'ya uku, yanzu duk suna gidanmu wurin mahaifiyarmu. Mun kai ƙara kotun Musulunci, alƙali ya yanke masa kuɗin ciyarwa duk wata. Ya biya sau biyu ya daina, yau wata bakwai ke nan, kuma har ya sake aure. Na ji ana maganar wata dokar iyali da aka taɓa shiryawa a Kano. Wasu sun ce dabara ce ta hana ƙarin aure da shigo da tsarin Turawa, wasu sun ce ita ce mafita ga irinmu. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Da akwai dokar, da ta canza wa ƙanwata wani abu?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo wa ƙanwarki mafita, ya raya yaran nan, ya saka wa Hajiya da alheri bisa ɗawainiyar da take yi da jikokinta.

Tambayarki biyu ce a haɗe. Ta farko, ko rubuta hukunce-hukuncen aure da saki da reno a matsayin doka ya saɓa wa shari'a. Ta biyu, wadda ita ce ta fi damunki, ko irin wannan doka za ta sa abinci ya shiga bakin yara uku da ubansu ya juya wa baya. Amsar ta farko a wurina ita ce bai saɓa ba. Ta biyun kuwa ta danganta da abin da aka zuba a cikin dokar. Idan an tsaya ga jera haƙƙoƙi kawai, ƙanwarki ba za ta ga canji ba, domin haƙƙin tana da shi tun yanzu, har alƙali ya tabbatar mata. Abin da ta rasa shi ne hannun da zai karɓo mata shi.

Da me alƙalanmu suke hukunci yanzu?

Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure da saki da riƙon yara da wasiyya da gado da waƙafi. Haka kuma jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka ya cire auren Musulunci da na gargajiya daga ciki. Ma'ana, majalisar dokokin jiha tana da ikon yin dokar iyali ta Musulunci idan ta ga dama. Babu wani shinge daga Abuja.

Lokacin da Zamfara ta fara a 1999, jihohi goma sha biyu suka dawo da shari'a, abin da aka zauna aka rubuta sashe-sashe shi ne dokar laifuffuka: sata, zina, shan giya, ƙazafi, kisa. Sha'anin iyali kuwa aka bar shi yadda yake, alƙali ya buɗe Risala ta Ibnu Abi Zaid, ko Mukhtasar na Khalil da sharhohinsa, ko Tuhfa ta Ibnu Asim, ya ciro hukunci. Littattafan nan taska ce, babu mai raina su. Sai dai da Larabci suke, Larabcin ma mai tsauri, kuma a mas'ala guda sai ki tarar da magana biyu ko uku. Matar da ta zo kotu ba ta san abin da ke ciki ba, mijin ma bai sani ba. Alƙalin wannan unguwa ya ɗauki wannan ƙauli, na waccan unguwa ya ɗauki wancan, mata biyu masu matsala iri ɗaya su fito da hukunci daban.

Abin da nake yawan tambayar masu cewa rubuta dokar iyali baƙon abu ne shi ne: mun yarda an rubuta haddin sata da lambar sashe, majalisa ta amince, gwamna ya sa hannu, babu wanda ya ce an taɓa addini. To me ya sa rubuta haƙƙin ciyar da yaro zai zama taɓa addini, alhali shari'o'in ciyarwa da saki su ne suka cika kotunan, ba na haddi ba?

Kuma ba yau aka fara ba. Daular Usmaniyya ta fitar da dokar haƙƙoƙin iyali a 1917. Masar ta yi nata a 1920 da 1929, kuma abin da ya kamata mu sani shi ne daga mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, ta aro damar da mace ke da ita ta neman alƙali ya raba aure saboda rashin ciyarwa ko cutarwa, domin Hanafiyya da suke kai ba ta buɗe wannan ƙofa sosai ba. Wato abin da wasu ƙasashe suka yi gyaran doka kafin su samu, mu yana cikin littafin da ɗalibi ke karantawa a zaure.

Abin da ya faru da daftarin Kano

A watan Fabrairu na 2017, a taron cika shekara 50 da rasuwar Ambasada Isa Wali, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana cewa wani kwamitin malamai yana shirya daftarin dokar iyali da za a miƙa wa majalisar jiha. Daftarin ya shafi aure tun daga neman yardar yarinya, da ciyarwa, da saki, da riƙon yara, da dukan mata. Amma abu ɗaya jaridu da gidajen rediyo suka ɗauka: za a hana talaka ƙara aure. Daga nan zance ya koma can, a majalisar shayi da kan mumbari da Facebook, sauran abin da ke cikin daftarin ya nutse. Har aka sauke sarkin a watan Maris na 2020 daftarin bai zama doka ba. Daga baya ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Landan a kan wannan batu, inda ya kwatanta Kano da Maroko.

Ni a ganina kuskuren da aka yi na gabatarwa ne. An fara da abin da ya fi tsorata maza, maimakon a fara da abin da babu mai iya jayayya a kansa a bainar jama'a. Wane malami ne zai hau mumbari ya ce uba yana da damar barin 'ya'yansa da yunwa? Babu. Da daga nan aka soma, da an samu kowa a jirgi ɗaya.

Tsoron da mutane suka nuna kuma ban ɗauke shi shirme ba, ruwa ba ya tsami banza. Mutanenmu sun ga yadda Turawan mulkin mallaka suka rage wa alƙalai hurumi, sun kuma san Tunisiya ta haramta auren mace fiye da ɗaya gaba ɗaya a 1956. Duk wanda ya san wannan, in ya ji an ce "gyaran dokar iyali" dole ya ɗaga kunne. A Mali, majalisa ta amince da sabuwar dokar iyali a watan Agusta na 2009, dubban mutane suka cika filin wasa a Bamako suna adawa, Shugaba Amadou Toumani Touré ya ƙi sa hannu ya mayar da ita, sai a ƙarshen 2011 aka fitar da wata da aka sauya wa fasali. A Nijar an sha yunƙurawa, na 2011 ma ya ci tura saboda adawar ƙungiyoyin addini. Duk inda jama'a suka ji kamar daga waje aka kawo musu dokar, ba ta zama. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sharaɗin iya ciyarwa da adalci ba wani ya ƙirƙiro shi ba, yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 3, kuma Suratun Nur aya ta 33 ta umarci wanda bai samu halin aure ba ya kame kansa har Allah ya wadata shi.

Maroko, da abin da ya shafi ƙanwarki kai tsaye

Ana yawan kawo misalin Maroko saboda su ma Malikawa ne. Dokarsu, wadda suke kira Mudawwana, an fara rubuta ta a 1957 zuwa 1958, aka yi mata babban gyara a 2004. Su ma sun sha rigima: a watan Maris na 2000 an yi gangami biyu a rana ɗaya, masu goyon baya a Rabat, masu adawa a Kasablanka. Sarki Muhammad na shida ya kafa kwamiti da malaman fiƙihu a ciki, kuma da ya gabatar da gyaran ga majalisa a watan Oktoba na 2003 ya ce shi ba zai halatta abin da Allah ya haramta ba, ba kuma zai haramta abin da Allah ya halatta ba. Sashe na ƙarshe na dokar, na 400, ya ce duk abin da ba a ambata ba a koma wa mazhabar Malik.

Ba su hana ƙarin aure ba, sun dai sa sai da izinin alƙali bayan ya duba halin mutum. Amma sashen da nake so ki lura da shi wani ne. A can, mijin da ke son sakin matarsa sai ya je kotu, a yi ƙoƙarin sulhu, in abin ya faskara kotu ta ƙiyasta haƙƙin matar da na yaran, ya ajiye kuɗin a asusun kotu cikin kwana 30 kafin a ba shi izinin rubuta sakin. Ki auna wannan da halin ƙanwarki. A wurinmu saki ne ke fara zuwa, sannan mace ta shiga bin sawu. A can kuɗin ne ke fara zuwa.

Masar kuma ta bi ta wata hanya. A 2004 ta kafa kotunan iyali na musamman, ta kuma kafa asusun inshorar iyali a ƙarƙashin Bankin Nasir. Matar da ke da hukuncin ciyarwa a hannu, mijin ya ƙi biya, asusun ne zai riƙa ba ta wani abu, shi kuma ya bi mijin ya karɓo. Kuɗin asusun na fitowa ne daga ɗan abin da ake karɓa wajen rajistar aure da saki da takardar haihuwa. Abin da ake bayarwa ba ya isa, matan can suna kuka da haka, amma dabarar ita ce abin dubawa: hukuma ce ke bin bashin, ba matar da ko kuɗin adaidaita ba ta da shi ba. Maroko ma daga baya ta kafa irin wannan asusu.

Kada kuma a ɗauka can an gama. Dokar Maroko ta sa shekarun aure 18, amma ta bar wa alƙali damar yin togiya, sai ga shi a wasu shekarun ana amincewa da auren 'yan ƙasa da haka sama da 30,000. A 2023 sarkin ya sake ba da umarnin a duba dokar. Rubutu a takarda ba ya canza zuciyar alƙali ko al'adar gari a dare ɗaya.

Abin da nake gani a kotu

Akwai wata mata da na tsaya wa, ba zan manta da ita ba. Ta zo da goyo, ta kwance bakin zaninta ta ciro takarda a ninke cikin ledar burodi. Gefen littafin makarantar ɗansu ne aka yago, layi biyu da jan biro: ya sake ta saki ɗaya. Babu kwanan wata, babu shaida, babu sa hannu. Mijin ya zo ya ce ai ya mayar da ita tun tana cikin idda, ita ta ce ba ta taɓa ji ba. Zama huɗu muka yi a kan wannan kaɗai, kowane zama sai ta bar sana'arta ta ƙosai ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Suratuɗ Ɗalaƙ aya ta 2 ta ce a kafa shaidu biyu adilai. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, amma shugaba yana da ikon ya wajabta rajista saboda maslaha, kamar yadda aka wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano a 2024 kuma jama'a suka karɓa. Da akwai rajistar saki da kome a wurin mai unguwa ko kotu, da shari'ar nan ba ta wuce minti goma ba.

Da aka zo kan ciyarwa, alƙali ya yanka masa adadi a naira. Ba a yi shekara ba aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin da ke sayen kwano shida na shinkafa ya koma ba ya sayen uku. Malaman fiƙihu na da sun fi mu dabara a nan, domin da mudun abinci da tufafi da wurin kwana suke ƙiyasta ciyarwa, gwargwadon halin uba da al'adar gari. Dokar da za ta amfane mu ita ce wadda za ta ce a auna da kwanon hatsi da kuɗin makaranta da na magani, a kuma sake dubawa duk shekara ba sai mace ta shigar da sabuwar ƙara ba.

Ga kuma idda. Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta, ta hana ita ma ta fita. A cikin matan da na tsaya wa, da wuya in tuna wadda ta yi idda a gidan miji. Ana miƙa takarda ake kiran mai a-kori-kura ya kwashe kaya. Wannan ba ƙarancin doka ba ne, nassi ne ƙarara muka bari.

Babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin bincike. Kowace kotu tana da manyan littattafan da magatakarda ke rubuta shari'o'i da hannu, suna jibge a kabad, wasu gara ta fara ci. A cikinsu akwai amsar duk abin da muke musu a kai: shari'o'in ciyarwa nawa ake shigarwa a shekara, nawa ake yankewa, mutum nawa ke biya bayan wata shida, khul'i nawa ne asalinsa duka ne amma matar ta gwammace ta mayar da sadaki ta huta saboda ba ta da shaidu. Wannan na ƙarshen yana yi mini ciwo ƙwarai, domin a Malikiyya matar da ta tabbatar da cutarwa alƙali ne zai sake ta ba tare da ta biya ko kwabo ba, amma sai ki ga wadda aka fasa wa baki ita ce ke neman rancen kuɗin fansar kanta. Alƙaluman zawarawa da ake yawo da su a rediyo ƙiyasi ne, tunda babu rajistar da aka ƙirga. Gwamnatin Kano ta aurar da zawarawa tun daga 2012, a 2023 ma an ɗaura aure 1,800 a lokaci guda, kuma niyya ce mai kyau. Amma kamata ya yi a bi sawun waɗannan aure a ga nawa suka ɗore da dalilin mutuwar waɗanda suka mutu, domin a nan ne za a gane inda doka za ta sa hannu. Jami'ar Bayero da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello suna da malamai da ɗaliban da za su iya wannan aiki idan ma'aikatar shari'a ta buɗe musu kabad ɗin. Malamin da ke adawa da doka zai iya musanta ra'ayin Barista, amma zai yi wuya ya musanta littafin kotun unguwarsu.

Duk da haka, akwai inda doka ba ta kaiwa. Mutumin da ba shi da komai, ko an ɗaure shi yaran ba za su ƙoshi ba, nan aikin hukumar zakka ne da dangi. Mafi yawan mazajenmu kuma ba masu albashi ba ne, 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, gano abin da suke samu sai an haɗa da shugabannin kasuwa da masu unguwanni. Ni kuma lauya ne, ba mai fatawa ba. Zaɓen ƙaulin da za a mayar doka a mas'aloli irin saki uku a kalma ɗaya, wanda Masar ta mayar ɗaya tun 1929 alhali mazhabobi huɗu suna ƙirga shi uku, aikin malamai ne su zauna su yanke, ba namu ba.

Abin da za ku yi yanzu, ba sai an jira doka ba

Ku koma kotun da ta yi hukuncin, ba sabuwar ƙara za ku shigar ba, neman zartar da hukunci za ku yi. Ku karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ku rubuta watanni bakwai ɗin da adadin kowane wata a takarda ɗaya. A fiƙihun Malikiyya kuɗin ciyar da yara da ya wuce yana iya faɗuwa idan ba a kai gaban alƙali ba, amma da zarar alƙali ya yanke ya zama bashi a wuyan uba. Naku an riga an yanke. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kuma alƙali yana da ikon tsare mai hali da ya ƙi biya. Idan zai ce ba shi da shi, sabon auren da ya yi hujja ce a hannunku: wanda ya haɗa lefe ya biya sadaki ba zai ce ya kasa kuɗin kokon yara ba. Idan ma'aikaci ne, ku roƙi kotu ta sa a riƙa cirewa daga albashinsa. Ku kuma nemi a riƙa biya ta hannun kotu ko ta asusun banki, don a daina "na bayar, ba ka bayar ba". A zaman nan ne kuma za ku nemi a sake duba adadin, ku je da rasit ɗin makaranta da na asibiti.

Kafin ranar zama, babu laifi wani babba daga gidanku ya samu mahaifinsa ko kawunsa, ko ku kai maganar ofishin Hisba a kira shi sulhu. Na ga mazan da sammaci bai motsa su ba amma kunyar iyayensu ta motsa su. In kuɗin lauya ne matsala, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya suna karɓar irin wannan ƙara kyauta.

Abu na ƙarshe, ki shirya wa barazanar da kusan kullum ke biyo baya: "To a kawo mini 'ya'yana." Kada hankalin ƙanwarki ya tashi. A Malikiyya riƙon yaro yana hannun uwa har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuwa tana kan uba duk tsawon wannan lokaci. Ko da ƙanwarki ta sake aure, riƙon ba ya tsallakawa wurinsa kai tsaye. Hajiya mahaifiyarku ce ke biye, sannan ke kanki a matsayinki na 'yar'uwar uwa kina gabansa a layi, muddin kotu ba ta ga wani abin da zai cutar da yaran a wurinku ba. Ranar da za ku je, ku tafi da takardar sakin, da kwafin hukuncin, da shaidar biya biyun da ya yi, domin su ne ke nuna ya san da hukuncin kuma ya amince da shi kafin ya daina.